Littafin Lissafin Usta Tanimu

A Hasahisa na same shi, bayan ɗakin awaki,
ya kishingiɗa kamar wanda ya gaji da jira.
Kaza na ƙwai inda sirdi yake a da,
rina sun yi gida a tankin mai.
Hajja Sittana ta ce, "Na maigidana ne.
Shekara talatin yana bin magudanar ruwa a kansa,
yana duba ƙishirwar auduga.
Ɗauke shi, ka ba ni abin da ya sawwaƙa."
Na ba ta kuɗin tunkiya. Ta ƙirga sau uku,
ba don tana zargina ba,
don kada ta ɗaga kai ta ga ana jan sa.

Ga abin da na rubuta a rumfata ta Wad Madani:
fistin daga Bur Sudan, wata biyu a hanya,
da ya iso kuma ya ƙi shiga.
Kabureta daga gawar ɗan'uwansa a Sannar.
Sarƙa. Filogi. Kananzir galan huɗu na wanke tsatsa.
Baduku a Umdurman ya ɗinka sirdi,
ya yanka mini kuɗi bai ko ƙifta ido ba.
Sai noti guda, bai kai ƙwayar dabino ba,
mai haƙoran Ingila,
babu irinsa daga nan har Kasala.
Maƙeri ya kwana uku a kansa yana zagina.

Ga abin da ban rubuta ba:
farcen babban yatsana da ya tafi bai dawo ba,
albasar bakin Nilu da na bari ta ƙone,
da shirun Tabawa
in na shigo da dare ina warin baƙin mai,
hannuna babu ko ƙullin sukari.

Wata na bakwai, ranar Talata da hantsi,
na taka shi, ya yi tari.
Na sake, ya yi tsaki.
A taku na goma sha ɗaya ya buɗe murya,
dum, dum, dum, ba gaggawa,
kamar ana daka a gida mai nisa.
Mai shayin tsallaken titi ta bar madara ta zube.

Gwaji na ce zan yi, sai ga ni a Hasahisa.
Tun ban kashe inji ba ta fito,
babu takalmi, ƙullun kisra a hannu.
Ta dube ni, ta dubi bayana.
"Na ɗauka..." Ba ta ƙarasa ba.
Ta shafa tankin, yatsunta biyar suka fito fari a baƙin fenti.
Ban goge ba sai a gida.

Mai saye daga Hartum ya zo, Mu'utasim,
jallabiyarsa ba ta taɓa sanin maiƙo ba.
Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka.
Ya ƙara, na tuna kuɗin makarantar Isiyaku.
Ya ce, "Usta, ka tsiyaye man tas.
A falo zai zauna, kada ya ɓata mini darduma."
Wata bakwai ina nema masa numfashi,
da hannuna na kwance noti, ya zube a kwano.

Da dare na buga lissafi.
Riba: buhun dawa biyu da takalmin yaro.
In ka raba ta gida bakwai, ɗan dako ya fi ni.
Tabawa ta leƙo kafaɗata, ta ce,
"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi."
Na ce na tuba. Daga yau facin taya kawai.

Jiya wani direba ya tsaya shan iska,
ya ce akwai wani a Manaƙil, katanga ta danne shi,
fitilarsa kaɗai ake gani.
Na ce masa ni na bar sana'ar.
Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.
Sai na ji bakina yana tambaya,
"Tankin, ja ne ko baƙi?"